Amsa ga ƙanina mai tambaya kan albam ɗin Power in the Blood

Wani ƙanina da ke koyon haɗa kiɗa a kwamfuta ne ya turo min wannan: "Yaya, na ci karo da wani albam wai shi Power in the Blood na wata dattijuwa Buffy Sainte-Marie, an rubuta wai ya haɗa fok da kantiri da kiɗan na'ura da al'adun 'yan asalin Amurka. Ni dai ban ga yadda waɗannan za su dahu a tukunya ɗaya ba. Kuma naga ance an ƙwace kyautar da albam ɗin yaci. Me ya faru, kuma ya kai in ƙona datata akansa?"

Toh ƙanina, tambaya biyu ka haɗa min a saƙo ɗaya, kuma ta biyun tafi ta farkon nauyi, amma bari mu fara da kiɗan tunda shine sana'armu. Na daɗe ina zama gaban na'urar miksin, kuma wannan albam yana cikin waɗanda nake kunnawa yara idan suka ce min wai kayan gargajiya da kwamfuta basa jituwa.

Albam ɗin ya fito a watan Mayun 2015, waƙoƙi 12, kamfanin True North na Kanada ne ya fitar, lokacin matar tana da shekara 74. Ka riƙe wannan shekarun a ranka, domin abin da yasa haɗin bai zama kwaɗo mara gishiri ba shine ba zama tayi da furodusa suka ce "bari mu ɗan zuba kantiri anan, mu yayyafa na'ura acan" ba. Kowane ɗaya daga cikin sautukan nan ta riga tayi rayuwa a cikinsa shekaru da dama kafin 2015.

Fok dai shine mutum ɗaya da jitarsa ta katako yana bada labari, ba ganguna ba hayaniya, kalmomin ne ke ɗauke da kayan. Da shi ta fara, albam ɗinta na farko It's My Way! ya fito 1964 a kamfanin Vanguard, zamanin da matasan Amurka ke cika ƙananan shagunan shan kofi suna sauraron waƙoƙin adawa da yaƙi. A ciki akwai Universal Soldier wadda mawaƙi Donovan ɗan Scotland ya maimaita a 1965 ta zaga duniya, akwai kuma Now That the Buffalo's Gone, wadda ta taɓo maganar madatsar ruwan Kinzua a jihar Pennsylvania, inda gwamnati ta nutsar da kusan eka 10,000 na ƙasar ƙabilar Seneca, ta tashi mutane wajen 600, alhali akwai yarjejeniyar da aka sa wa hannu tun 1794 cewa ba za a taɓa musu ƙasar ba. Kaga tun ranar farko maganar 'yan asalin ƙasa tana cikin waƙarta, ba a tsufa ta tsinto ta ba.

Kantiri kuma ai ba baƙo bane a wajenmu, duk wanda ya tashi gidan da akwai rediyo ko ya shiga motar haya mai tafiyar dare ya sha jin muryar Don Williams da su Dolly Parton. A 1968 ta tafi Nashville, cibiyar kantirin kenan, tayi albam guda cur na wannan salon mai suna I'm Gonna Be a Country Girl Again. Kuma wani abu da mutane da yawa basu sani ba, kantiri kiɗan gida ne a ƙauyukan 'yan asalin Kanada da Amurka, shi rediyo ke kawo musu, shi ake bugawa a wajen biki, labaran cikinsa na talauci da giya da kewar gida da dogon titi duk sun san su a jikinsu. Mu da muka taso da finafinan kaboyi mun ɗauka kaboyi da ɗan asalin ƙasa kullum abokan gaba ne masu harbin juna, alhali da yawa daga cikinsu makiyaya ne masu doki da malafa. Ko Johnny Cash a 1964 yayi albam sukutum akan zaluncin da akayi musu, Bitter Tears, gidajen rediyo da yawa suka noƙe suka ƙi sakawa. Saboda haka ɗinkin da ke tsakanin kantiri da wannan jigon tsohon ɗinki ne, ba ita ta fara ba.

Inda ta sha gaban kowa shine na'ura. A 1969 ta fitar da Illuminations, inda wani mai suna Michael Czajkowski ya ɗauki muryarta da jitarta ya cusa su cikin sintasaizar Buchla, wata dirkekiyar na'ura mai wayoyi birjik wadda ko madannai irin na fiyano bata da su, sai murɗe-murɗe da soke-soken waya, muryar ta dinga fitowa a yayyanke tana amsa-kuwwa kamar daga cikin rijiya. Ka tuna 1969 fa ake magana, ba kwamfuta ba komai, tef ake yankawa da reza a liƙa. Albam ɗin bai yi kasuwa ba ko kaɗan, masoyan fok suka ce ta ɓata rawarta da tsalle, sai bayan shekaru kusan talatin mujallar The Wire ta Ingila ta saka shi cikin jerin fayafayai ɗari da suka girgiza duniya ba tare da an lura ba. Sannan a 1992, bayan tayi shekara 16 bata fitar da sabon albam ba, ta dawo da Coincidence and Likely Stories, wanda ta haɗa a gidanta na Hawai akan kwamfutar Macintosh tana tura fayilolin ta layin waya zuwa ga furodusa Chris Birkett a Landan. Wannan abin da kake yi yau na turawa abokinka bit ta WhatsApp ya ɗora murya, ita tayi irinsa tun kafin a haife ka, tun yawancin mutane basu taɓa jin kalmar intanet ba.

Yanzu ga ainihin abin da nake so ka kama a matsayinka na mai haɗa kiɗa. Me yasa gangar powwow ke zama daram akan kiɗan na'ura? Powwow shine taron rawa da waƙa na ƙabilun can, gangar kuma ƙatuwa ce guda ɗaya da ake kwantarwa, maza da yawa su kewaye ta kowa da sandarsa, su dinga bugu tare, dum dum dum dum, ba ƙaƙale ba kwana-kwana irin na kalangu, su da kansu suna kwatanta bugun da bugun zuciya. Toh ka buɗe manhajarka ka jera kik, wato bugun babbar ganga, huɗu a kowane ma'auni irin na kiɗan kulob, me ka samu? Kusan abu ɗaya. Shi yasa idan an ɗora ɗaya kan ɗaya basa faɗa, ba kamar ka ɗauko kiɗan da ke tafiya uku-uku ka matsa masa sai ya shiga huɗu-huɗu ba. Amma akwai tarko, kuma anan ake gane gwani. Masu waƙar powwow basa ɗora murya cif akan bugun, muryar tana ɗan zamewa gaba ko baya da gangan, tana shawagi akan gangar, a salon ƙabilun arewacin can kuma jagora yana farawa ne can sama da siririyar murya mai ƙarfi sai waƙar ta dinga gangarowa ƙasa, sauran su amshe. Idan ka kama wannan muryar ka daidaita ta da layukan kwamfuta ɗaya bayan ɗaya don ta "gyaru", wallahi ka kashe ta, ta zama gawa mai kyau. Kuma waɗancan "heya heya" da kake ji ba cike gurbi bane, kowace waƙa da tsarin nata, ba a canzawa yadda aka ga dama, wasu waƙoƙin ma mallakin wani gida ne ko wata ƙungiyar ganga, sai da izini ake taɓawa.

Ita kuma muryar Buffy tana da wata karkarwa mai sauri wadda wasu basa iya jurewa, nima farkon ji na sai da na ɗan yamutsa fuska, amma wannan karkarwar ce zaren da ya ɗinke albam ɗin. Ko jita ce a ƙasa ko sintasaiza, muryar ɗaya ce, kuma ita kanta tana kama da sautin da aka riga aka bi da shi ta na'ura.

Waƙar da aka sa wa albam ɗin sunanta ba tata bace asali, ta ƙungiyar Alabama 3 ce, 'yan unguwar Brixton a Landan, kar sunan ya ruɗe ka, waɗanda su ma sana'arsu kenan cakuɗa kantiri da kiɗan kulob. Ta ɗauko ta, ta bar nauyin bes ɗin, wato sautin ƙasa mai kauri, da muryoyin na'ura, ta sake baitocin suka koma kan masu kuɗi da masu mulki da masu cin ribar yaƙi, inda tasu ke nuna shirin fita fagen daga ita sai ta juya ta zama ƙin yaƙin. Haka tayi da Sing Our Own Song ta UB40, ƙungiyar rege ta Ingila, waƙar 1986 da akayi don baƙaƙen Afirka ta Kudu zamanin wariyar launin fata, ta mayar da ita kan 'yan asalin Amurka ta zuba mata amshin powwow, kuma a ganina nan ne albam ɗin yafi tashi, don rege da wannan amshin sun karɓi juna fiye da yadda zaka zata. It's My Way da ta buɗe albam ɗin tsohuwar waƙarta ce ta 1964 da aka sake wa gini da ganguna masu nauyi, ka saurari ta 1964 ɗin ka dawo ka saurari wannan a jere, darasi ne kyauta akan yadda shiri ke canza ma'anar kalmomi iri ɗaya, yarinya 'yar ashirin da 'yan kai tana cewa hanyata ce daban, tsohuwa 'yar 74 tana faɗin haka daban. Farm in the Middle of Nowhere kantiri ce zalla mai sauƙi akan zaman gona nesa da hayaniya. Ke Sakihitin Awasis sunanta da harshen ƙabilar Cree ta Kanada ne, waƙar ƙauna mai sanyi. Sai The Uranium War, akan yadda haƙar yuraniyom ta ci ƙasar ƙabilun can, kuma ba ƙirƙira bace, a yankin ƙabilar Navajo ta Amurka kaɗai akwai ramukan haƙa sama da 500 da aka watsar, a Yulin 1979 kuma madatsar dagwalon wata ma'adana ta fashe a Church Rock ta kwarara cikin kogin da mutane ke shayar da dabbobinsu. 'Yan uwanmu na Arlit, garin haƙar yuraniyom a Nijar, ba sai an yi musu dogon bayanin wannan ba.

Ba wai komai na ciki ne yayi min ba fa. Furodusa uku ne suka yi aikin, Chris Birkett da Michael Phillip Wojewoda da Jon Levine, kuma ana jin hakan, wasu waƙoƙin soyayyar tsakiya an goge su sun yi sulɓi da yawa kamar na tallan turare, ina tsallake su. Wani wajen kuma baitin yana zama kamar takardar jawabi aka ɗora wa kiɗa.

Lokacin fitowarsa ma ya taimaka masa. Ƙarshen 2012 aka fara gwagwarmayar Idle No More a Saskatchewan, mata huɗu suka kunna ta don adawa da wata dokar gwamnati da ta sassauta kariyar ruwaye da filayen 'yan asali, mutane suka dinga cika manyan kantuna da tituna da ƙananan gangunan hannu suna rawar da'ira. A Yunin 2015 kuma, wata guda bayan albam ɗin, hukumar binciken gaskiya da sasantawa ta Kanada ta fitar da taƙaitaccen rahotonta kan makarantun kwana da aka kwashe yara wajen 150,000 aka tura, aka hana su harshensu, dubbai suka mutu acan, na ƙarshensu basu rufe ba sai a shekarun 1990. Ka haɗa da cewa dokar Kanada ta haramta wasu manyan bukukuwansu tun 1885 har zuwa 1951, zaka gane me yasa jin wannan gangar tana fita ta manyan sifiku ba ƙaramin abu bane a wajensu, ganga ce da aka taɓa ɗaure mutane saboda taron da ake buga ta. A Satumban 2015 albam ɗin ya lashe kyautar Polaris ta gwarzon albam ɗin shekara a Kanada, dalar Kanada 50,000, ya doke har da na Drake da ke cikin jerin goman ƙarshe, a 2016 kuma ya ƙara da guda biyu a Juno, manyan kyaututtukan kiɗa na Kanada.

Toh sai tambayarka ta biyu.

Shekara da shekaru labarin da aka sani shine an haife ta a yankin Piapot na ƙabilar Cree a Saskatchewan, aka ɗauke ta tana jaririya aka bai wa wasu iyali a Massachusetts suka rene ta. Kuma labarin bai yi kama da ƙarya ba saboda irin haka ya faru da dubban yara da gaske. A Oktoban 2023 shirin bincike na The Fifth Estate na gidan talabijin ɗin CBC ya fito da takardar haihuwa daga garin Stoneham a Massachusetts, mai nuna an haifi Beverly Jean Santamaria a Fabrairun 1941, iyayenta Albert da Winifred, fararen fata, uban tsatson Italiya, wato waɗanda ake cewa sun rene ta sune a rubuce a matsayin waɗanda suka haife ta, kuma wasu daga danginta na can suka faɗi haka a shirin. Ita ta amsa da cewa bata taɓa sanin takamaiman inda aka haife ta ba, mahaifiyar da ta rene ta ce ta gaya mata ita 'yar asali ce, kuma ita bata yi wa kowa ƙarya ba. Abin da ba a musu akansa shine a farkon shekarun 1960, tana babba, Emile Piapot da matarsa Clara Starblanket sun karɓe ta a matsayin 'ya bisa al'adar Cree, kuma bayan fitar rahoton iyalan gidan suka fito suka ce tasu ce, su suke da ikon faɗin wanene nasu ba takardar gwamnati ba.

A Janairun 2025 aka soke lambar girmamawarta ta Order of Canada. A Maris kuma Polaris da Juno suka janye nasu kyaututtukan, har da ta wannan albam ɗin. Amma ka lura da dalilin da suka bayar, mutane da yawa suna kuskurensa, basu ce sun yanke hukunci akan jininta ba, cewa sukayi kyaututtukan na 'yan Kanada ne ko mazauna ƙasar na dindindin, ita kuma ta fito ta tabbatar da cewa 'yar Amurka ce mai fasfo ɗin Amurka. Wato ta ƙofar takardar ɗan ƙasa suka fita, suka kauce wa babbar maganar.

Su kansu 'yan asalin sun rabu biyu akai, kuma kowane ɓangare da hujjarsa. Masu kare ta suna cewa riƙo a al'adarsu ba wasa bane, wanda aka karɓa ya zama ɗan gida, kuma matar ta shafe shekara sittin tana magana akan abin da wasu ke tsoron faɗi, ta shiga shirin yara na Sesame Street daga 1975 ta nuna wa miliyoyin yara cewa 'yan asali suna nan da ransu ba a fim kaɗai suke ba, ta kashe kuɗinta akan karatun yaransu. Masu suka kuma suna cewa zama ɗan riƙo daban, cewa an haife ka a wajen kuma an sace ka daban, na biyun ciwon wasu ne na gaske da aka ara aka yafa, sannan duk kyautar da aka ware wa 'yan asali da ta karɓa akwai wani mawaƙin da aka haifa a cikin wahalar da ya rasa ta, har Oscar ɗin da ta samu a 1983 na waƙar Up Where We Belong an daɗe ana kirga shi a matsayin na farko da ɗan asali ya ci.

Ni nawa ganin, tunda ka tambaye ni, hujjar masu sukar tafi ƙarfi akan maganar kyaututtuka da kujerar wakilci, bana jin akwai yadda za a kewaye wannan. Amma madatsar Kinzua an gina ta, dagwalon Church Rock ya kwarara, Anna Mae Aquash, 'yar gwagwarmayar 'yan asali, da ta ambata a waƙar Bury My Heart at Wounded Knee ta albam ɗin 1992 an tsinci gawarta a yankin 'yan asali na Pine Ridge a Amurka a 1976 da harsashi a kai bayan binciken farko yace sanyi ne ya kashe ta, duk waɗannan basu dogara da takardar haihuwar mai waƙar ba. Abin da ya canza min shine kalmar "mu". Da idan tace mu a cikin waƙa ina jinta kai tsaye, yanzu sai naji kunnena ya ɗan tsaya, kuma ban ga laifin wanda yace shi ya daina saurare gaba ɗaya ba, musamman wanda abin ya taɓa gidansu. Kai da kake can nesa kana koyon sana'a, ka saurara, ka koyi yadda aka zaunar da ganga akan bes, amma ka saurara da sanin duka labarin ba rabinsa ba.

Kuma kar ka tsaya akanta, wannan ma shine babban amfanin da zaka samu. Idan gangar powwow akan na'ura ce ta burge ka, nemi The Halluci Nation, waɗanda da ake kira A Tribe Called Red, 'yan Ottawa, su suka mayar da abin salo mai zaman kansa, kuma suna aiki da ƙungiyoyin ganga na gaske da sunansu a rubuce, ka lura da yadda suke barin muryoyin suna zamewa akan bit ɗin basu matse su ba. Tanya Tagaq 'yar ƙabilar Inuit ta ci Polaris a 2014 da albam ɗin Animism, waƙar maƙogwaro ce da zata iya firgita ka idan ka saka iyafis da daddare, na gaya maka. William Prince na Peguis a Manitoba shine zaka nema idan fok da kantiri mai natsuwa kake so, murya ce mai kauri irin wadda direbobinmu za su so. Sai Jeremy Dutcher, wanda ya shiga gidan adana kayan tarihi ya nemo waƙoƙin kakanninsa na Wolastoq da aka naɗa akan silindar kakin zuma sama da shekara ɗari da suka wuce, ya zauna ya rubuta su, ya rera tare da muryoyin mamatan a harshen da masu jinsa sosai suka rage kaɗan, ya ci Polaris a 2018 ya sake ci a 2024. Shi zan so ka fara da shi ma kafin ka koma kan Power in the Blood, ka saurari yadda ya bar ƙarar tsohuwar silindar a ciki bai goge ta ba, sai kazo muyi maganar wancan bit ɗin naka da ka cika wa otocun mai goge murya.